Yadda zaka karanta fai cat a lissafi ba tare da ka ruɗe ba

Tambayar fai cat, zanen da'irar nan da ake yayyankawa gida-gida don nuna amsoshin mutanen da aka yiwa tambayoyi, kamata yayi ace makin bagas ce a jarrabawar lissafi. Babu wata doguwar fomula da za'a haddace, ninkawa ce da rabawa kawai. Amma abin yana min ciwo yadda yara masu ƙoƙari ke zubar da maki a nan, yaro ya iya aljabara, ya iya lissafin da yafi wannan wuya nesa ba kusa ba, sai a kawo masa da'ira ɗaya mai yanki huɗu ya cije. Kuma in ka bi takardarsa layi-layi zaka tarar ba lissafin ne ya gagare shi ba, tun farko bai tsaya ya tambayi kansa ba: wai da'irar nan gaba ɗayanta mutum nawa ce?

To nan maganar take. Da'irar gaba ɗaya ita ce dukkan mutanen da aka tambaya, kuma zagayenta digiri 360 ne. In mutum 20 aka tambaya digiri 360 ne, in mutum miliyan 2 aka tambaya shi ɗin ne dai 360, baya ƙaruwa baya raguwa. Kenan yanki baya gaya maka yawan mutane, kason da suka ɗauka cikin jama'ar yake gaya maka. Sai ka san jimillar mutanen sannan yankin zai zama adadi. Duk wata tambaya da za'a maka akan fai cat, ko ta ina aka ɓullo mata, kan wannan take tsaye.

Saboda haka kafin ka taɓa kalkuleta karanta kan zanen da rubutun dake ƙarƙashinsa, me aka tambayi mutanen, su nawa ne, sannan lambobin dake jikin yankunan me suke nufi. Wannan na ƙarshen shi ake tsallakewa. Wani zanen digiri ake rubutawa, wani kaso cikin ɗari, wani kuma adadin mutanen ne kai tsaye. In alamar bata fito sosai ba tara lambobin, in sun tashi 360 digiri ne, in sun tashi 100 kaso ne cikin ɗari. Yankin da aka rubutawa digiri 72 ba kashi 72 cikin ɗari bane, kashi 20 ne kacal, kuma ko ido ma zai nuna maka, abinda yake kashi 72 ai ya kusa cinye kwata uku na da'irar.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu riƙe shi har ƙarshe. Ace an tambayi ɗalibai 240 ta yaya suke zuwa makaranta, aka zana amsarsu haka: masu zuwa a ƙafa digiri 150, masu hawa bas digiri 90, masu keke digiri 72, sai masu zuwa a motar gida, su ba'a rubuta komai a yankinsu ba.

Fara da cike gurbin da aka bari. 150 da 90 da 72 sun tashi 312, cire daga 360 saura 48. Masu motar gida digiri 48 kenan. Sau da yawa wannan ita ce tambayar farko, kuma in ka kuskure ta sauran amsoshin ma sun bi ruwa, don haka sake tarawa, baya cin lokaci.

Yanzu maida digiri zuwa mutane. Hanyar da aka saba koyarwa ita ce ka ɗora digirin yankin akan 360 ka ninka da jimilla. Masu keke: 72 bisa 360, sau 240, amsa 48. Daidai ne kuma tana aiki ko yaushe. Amma ni nafi son ɗalibi ya fara nemo digiri nawa mutum ɗaya ya ci, wato ya raba 360 da yawan mutanen. 360 ÷ 240 = 1.5, kowane ɗalibi yana da digiri ɗaya da rabi a da'irar. Da ka samu wannan lambar shikenan ka samu mabuɗi, masu ƙafa 150 ÷ 1.5 = 100, masu bas 90 ÷ 1.5 = 60, masu keke 72 ÷ 1.5 = 48, masu motar gida 48 ÷ 1.5 = 32. Dalilin da yasa nafi sonta shine yaro yana ganin abinda yake yi, ya san da'irar aka rabawa mutane daidai wa daida, ba lambobi yake cusawa cikin fomular da bai san asalinta ba. Sannan ka tara: 100, 60, 48, 32, sun koma 240. In basu koma jimillar ba akwai inda aka samu matsala. In kuma kaga amsarka ta fito mutum 47.3 to tsaya, babu ɓarin mutum, ko dai ka danna ba daidai ba ko ka karanta digirin a karkace.

Akwai wasu kusurwoyi da ya kamata su zauna maka a ka don kullum su ake maimaitawa. 180 rabi ne, 120 sulusi, 90 kwata, 72 ɗaya bisa biyar, 60 ɗaya bisa shida, 45 ɗaya bisa takwas, 36 ɗaya bisa goma. Kashi 1 cikin ɗari kuwa digiri 3.6 ne, don haka in zaka maida kaso zuwa digiri ninka da 3.6, in zaka dawo raba da 3.6. In kana son kintata girman yanki da ido tuna fuskar agogo, daga 12 zuwa 1 digiri 30 ne, daga 12 zuwa 3 digiri 90, daga 12 zuwa 5 digiri 150, wato girman yankin masu zuwa a ƙafa a misalinmu. Da wannan kintacen zaka kama kanka in kalkuleta ta baka amsar da hankali bazai ɗauka ba. Yankin da bai kai kwata ba bazai taɓa baka mutum 90 cikin 240 ba, tunda kwatar 240 ɗin ma 60 ce.

Inda yara suka fi cijewa shine in aka juya tambayar, aka ɓoye jimillar aka ce kai ka nemo ta. Za'a ce maka ɗalibai 48 ne ke zuwa a keke, ɗalibai nawa aka tambaya gaba ɗaya? Kuskuren da ake yi shine a ɗauki 48 ɗin nan a matsayin jimilla, a yi 72 bisa 360 sau 48, a samu 9.6, kuma a rubuta shi a matsayin amsa. Haba ƙanina, masu keke kaɗai sun kai 48, ta yaya duka ɗaliban zasu zama tara da ɗigo shida? Jimilla dole tafi kowane yanki yawa. Abinda aka baka shine digiri 72 daidai yake da mutum 48. 72 sau nawa zai shiga 360? Sau 5. To 48 sau 5, 240. In lambar bata shiga cif-cif ba, kamar ace yankin motar gida aka baka, digiri 48 mutum 32, sai ka raba 48 da 32 ka samu 1.5 ɗinka na ɗazu, sannan 360 ÷ 1.5 = 240. Hanya ɗaya ce, daga baya kawai ka biyo ta.

Wani lokacin ma ba yanki za'a baka ba, tazara za'a baka. Masu zuwa a ƙafa sun fi masu bas da mutum 40, nemo jimilla. Kar gabanka ya faɗi. Tazarar digirinsu 150 a cire 90, saura 60, kenan digiri 60 shine mutum 40, kuma 60 ɗaya bisa shida ne na da'ira, 40 sau 6 ya baka 240. Haka in an sako x a ciki, misali an tambayi ɗalibai 90 darasin da suka fi so aka rubuta yankunan x, 2x, 3x da digiri 120. Duka dole su tashi 360, sai 6x ya zama 240, x ya zama 40. Kar ka tsaya a nan in ba x aka tambaye ka ba, yara da yawa suna samo x suna ajiye biro, alhali tambayar cewa tayi ɗalibai nawa ne a yankin 2x. Digiri 80 ne, kowane ɗalibi yana da digiri 4 tunda su 90 ne, amsa ɗalibai 20.

In ba'a rubuta digiri ba aka ce ka auna, ɗora tsakiyar furotakta, wato ma'aunin kusurwa, daidai kan tsakiyar da'irar, layin sifili kan gefe ɗaya na yankin. Furotakta layin lambobi biyu gare ta, na ciki da na waje, inda ɗaya ya nuna 72 ɗayan 108 yake nunawa, ka bi wanda ya faro daga sifili a gefen da ka ɗora. Ko ka duba da ido, yankin ya kai kwata ko bai kai ba, in bai kai ba 108 bazai yiwu ba. In da'irar ƙarama ce ja layukan da rula da fensir su fito waje yadda zasu kai ga lambobin. Yankin da ya wuce rabi kuma auna ragowar ka cire daga 360. Amma in an rubuta cewa ba'a zana shi bisa ma'auni ba to mayar da furotaktar cikin akwatinta, lambobin da aka baka kawai zaka yi aiki dasu.

Yanzu ga wadda nake ganin ita ce zuciyar darasin, kwatanta zane biyu. Za'a ajiye maka fai cat biyu gefe da gefe, girmansu ɗaya a takarda, makaranta ta farko yankin keke digiri 72, ta biyu digiri 40, sai ace wani ɗalibi yace masu keke sun fi yawa a makaranta ta farko, shin yayi gaskiya? Ido zai ce eh mana, ga yanki nan ƙato. Amma ka tuna yanki kaso ne. A ta farko mutum 240 aka tambaya, masu keke 48. In a ta biyu mutum 900 aka tambaya, digiri 40 ɗaya bisa tara ne, wato mutum 100. Ƙaramin yankin ya ninka babban a yawan mutane har da ɗoriya. In kuma ba'a faɗi jimillar ko ɗaya ba, amsar da ake nema ita ce ba za'a iya sani ba, kuma ka rubuta dalilin da cikakkiyar jimla: zanen kaso yake nunawa, ba'a gaya mana yawan ɗaliban kowace makaranta ba. Abinda zaka iya faɗa da ƙarfin gwiwa shine kason masu keke yafi girma a makaranta ta farko. Kaso yafi girma daban, mutane sun fi yawa daban, kuma makin yana kan wannan bambancin.

Daga nan ake samun wani tarkon, a ce ka haɗa makarantun biyu a zane ɗaya. Sai yaro ya tara 72 da 40 ya raba biyu ya samu 56. A'a. Koma kan mutane tukuna, masu keke 48 da 100 sun zama 148, jimilla 240 da 900 sun zama 1,140, sai 148 bisa 1,140 sau 360, kimanin digiri 46.7. Kaga ya fi karkata wajen 40, saboda makaranta ta biyu ta fi jama'a, nauyinta ya rinjaya. Raba biyun nan yana aiki ne kawai in jimillar ta zo ɗaya.

Sauran ƙananan tambayoyin basu da wahala. In aka ce wace amsa ce tafi fitowa, yanki mafi girma ne, kuma sunansa zaka rubuta, zuwa a ƙafa, ba 150 ba. In aka ce a zaɓi ɗalibi ɗaya da ka, meye yiwuwar ya zama mai keke, 72 bisa 360 ne, ɗaya bisa biyar, ko jimillar ma baka buƙata. In kaso cikin ɗari ya tashi 99 ko 101 ba lallai kuskure bane, yankuna uku masu girma ɗaya kowanne 33.3 ne da 'yan kai, in aka datse su zuwa 33 sun tashi 99.

Tunda maganar binciken jin ra'ayi ake, akwai tambayoyin da ba na ninkawa bane, na hankali ne, kuma ni a ganina su suka fi amfani bayan an bar makaranta. Na farko mutum nawa aka tambaya. In mutum 8 ne kacal kowannensu digiri 45 ya ɗauka, mutum ɗaya ya canza ra'ayi zanen gaba ɗaya ya canza kama, amma a takarda zai fito ɗas dashi kamar wanda aka tambayi dubbai. Na biyu su waye aka tambaya. In wanda yayi binciken a wajen ajiye kekuna ya tsaya da takardarsa, ai dole yankin keke ya kumbura, in kuma da sassafe ya tsaya bakin ƙofa ya tashi kafin bas ta iso, masu bas sun ɓace daga zanen kamar babu su. Lissafin cikin da'irar zai iya zama daidai tsaf amma labarin da take bayarwa ƙarya ne. Shi yasa in aka ce makarantar tana da ɗalibai 960, ka kintata masu keke, zaka yi ɗaya bisa biyar na 960 ka samu 192, amma ka sa kalmar kimanin, in an nemi ƙarin bayani ka ce wannan ya dogara ne akan cewa 240 ɗin da aka tambaya suna wakiltar sauran.

Na uku, shin an bar mutum ya zaɓi amsa fiye da ɗaya? In aka ce zaɓi duk wasannin da kake so, mutum ɗaya zai iya zaɓar uku, sai kaso ya tashi 140 ko 180 cikin ɗari. Irin wannan bayanin baya shiga fai cat sam, don a da'ira kowane mutum gida ɗaya gare shi. In kaga an tura shi ciki da ƙarfi to zanen ne ba daidai ba, ba kanka bane ya ɗaure. Ka kuma lura da yankin da ake rubutawa sauransu, in yayi girma da yawa an dunƙule amsoshi iri-iri ne wuri ɗaya, baka da ikon cewa komai akan abinda ke cikinsa. Haka waɗanda suka ƙi bada amsa, wani zanen yana basu yanki wani yana watsar dasu, kuma hakan yana canza jimillar da zaka yi aiki da ita.

Zanen nan ba sabo bane, William Playfair ɗan ƙasar Sikotlan ne ake dangantawa da fara buga shi a 1801, inda ya raba da'ira ya nuna yadda ƙasar daular Usmaniyya ta Turkawa ta kasu tsakanin Asiya da Turai da Afirka. Ka lura yanki uku ne kawai, kuma irin wannan aikin ne ya dace dashi, abu ɗaya da aka raba gida kaɗan. Masana ƙididdiga sun daɗe suna ƙorafi akansa, a 1984 William Cleveland da Robert McGill sun gwada mutane suka nuna cewa ido yafi iya kwatanta sanduna da aka jera kan layi ɗaya akan kwatanta yankunan da'ira. Kai ma gwada, digiri 84 da 90 a wurare daban-daban na da'ira da ƙyar zaka ce ga babba. Balle wanda ake kwantar dashi a kwamfuta a yi masa kauri don ado, yankin dake gaba sai ya fito ya fi girmansa na gaskiya. Don haka in yankuna biyu sun yi kusa da juna kar ka yanke hukunci da ido, nemi lambar.

Wajen rubuta amsa kuma, nuna aikinka ko da a ka kayi lissafin. Rubuta 72/360 × 240 = 48, ka ƙara da kalmar ɗalibai. In hannu ya zame a ƙarshe mai duba takarda zai ga hanyar daidai ce, akwai makin hanya a mafi yawan jarrabawa. Ka kuma sake karanta abinda aka nema, digiri ne, kaso ne ko mutane, don amsa uku ce daban-daban ga yanki ɗaya: 72, 20, 48.

Ga wadda zaka gwada da kanka kafin ka duba amsar. An tambayi ɗalibai wasan da suka fi so, kowa ya zaɓi ɗaya. Ƙwallon ƙafa digiri 140, tsere digiri 90, ninƙaya digiri 50, ragowar ƙwallon kwando. Masu ninƙaya su 25 ne. Nemo digirin ƙwallon kwando, jimillar ɗaliban, da yawan da masu ƙwallon ƙafa suka fi masu tsere. In kayi daidai zaka samu digiri 80, kowane ɗalibi digiri 2, jimilla 180, tazarar kuma digiri 50 ce wato ɗalibai 25, tunda masu ƙwallon ƙafa 70 ne, masu tsere 45.